Sanda Takwas

Shekarar da aka kaɗa ƙuri'ar nan ta i ko a'a, wadda ƴan lakwal, wato ƴan makarantar boko, ke ce wa "wi" da "no", ita ce shekarar da gara ta cinye mana gidan gabas. Mutanen Magarya da ƙuri'a suke tuna shekarar, ni kuwa da gara. Gida, ga wanda bai san maganar ƴan balo ba, wato ƴan ƙwallon ƙafa, shi ne turaka biyu da azara a kansu, inda balo ke shiga a ce an ci. Filinmu na bayan lakwal yana da biyu, na gabas da na yamma, kuma ni ne mai kula da su da filin duka, shekara talatin da ɗoriya. Sunana Isufu. Da ajami na rubuta wannan, yadda na saba, aka juya mini shi zuwa boko, saboda samarin da ke zama wurina da yamma suna cewa, "Baba, ai aikinka ba wuya, shara ce da zuba toka." Ba na jin haushinsu. Ni ma haka na zata ranar da na fara.

Wanda ya koya mini aikin Kafaran Mato ne, tsohon soja, Allah ya jiƙansa. Ya je yaƙin Turawa ya dawo yana ɗingishi, kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ya ba shi filin ya riƙe. Lokacin ina ɗinkin hula a ƙofar gidanmu, ina karatu wurin malam da safe, na riga na yi aure. Ya tsaya a kaina wata rana ya ce, "An ce kana rubutu."

Na ce, "Ajami, Baba Kafaran."

Ya ce, "Ko da ƙafar kaza kake yi, in dai gobe za ka iya karantawa. Ni kaina ya fara yoyo. Taso."

Aikin farko da ya ba ni ƙarangiya ce. A wancan zamani ba mai sa takalmi a wasa, sai mushe, malamin lakwal, guda ɗaya, shi ma in ya ga ana zaginsa sai ya cire. Saboda haka kowace ƙaya da ke cikin fili a ƙafar mutum za ta ƙare. Tsintsiya ba ta ɗauke ƙarangiya, watsa ta take yi. Sai ka sami tsofaffin buhunan gyaɗa ka ɗinke su wuri ɗaya, ka ɗora musu dutse, ka ja su daga wannan baki zuwa wancan kamar mai huɗa. Ƙarangiya ta manne, ka kai gefe ka karkaɗe a wuta. Tsidau kuwa ba ya mannewa, sai ka durƙusa ka bi shi da hannu har saiwarsa. Na yi kwana tara ina wannan, na je na ce na gama. Kafaran ya dube ni ya ce, "Cire takalmi." Na cire. Ya ce, "Ruga har wancan gida ka dawo." Ban kai tsakiya ba na zauna ina cire ƙaya. Ya ce, "To, ka ga inda ka gama." Tun daga ranar ban taɓa buɗe fili ga ƴan wasa ba sai na ratsa shi da tafin ƙafata.

Toka ma ba kowace toka ba ce. Ta karan dawa ba ta da nauyi, iska kaɗan ta kwashe ta, layi ya ɓace kafin a je hutun rabin lokaci. Ta itace mai ƙarfi ake nema, fara tas, irin ta masu tuyar ƙosai da masu gasa nama. Ina bi gida-gida da jaki ranar Alhamis ina karɓa, in tankaɗe da rariya, don garwashi ko ƙusa ɗaya ya isa ya tsaga ƙafa. Ranar wasa a ja igiya ta yi tsam tsakanin turaku, a yayyafa ruwa a bin igiyar, sannan a bi da gwangwani mai huji a gindi. Ba a zubawa da safe. Awaki za su bi ta kai, yara su bi ta kai. Sai an sauko daga azahar, kuma da sauri, mutum yana tafiya da baya yana sunkuye. Bayana da kuke gani a lanƙwashe, toka ce ta lanƙwasa shi.

Balo biyu muke da su, na fata, masu baki da igiya kamar takalmi, da roba a ciki. Da famfon keke ake hura su, a ɗaure bakin robar, a cusa, a ɗinke. In igiyar ta fito waje, wanda ya sa kai zai tashi da tsaga a goshi. Ina shafa musu kitse kowane mako don kada fatar ta bushe, in ɗinki ya saki in kai wa baduku in zauna a gabansa har ya gama, don ba na barin balo ta kwana a hannun kowa. Ciyawa kuwa shanu ke yanke mana. Akwai gidan makiyaya a arewa da fili, masu noma da kiwo, hanyarsu ta zuwa rijiya ta gefenmu take. Kafaran ya yi magana da babbansu tun farko: da damina su sake shanu su ci ciyawar, da rani ranar wasa su kewaya. Ba takarda, ba shaida, kuma ba a taɓa saɓawa ba.

Amma abin da Kafaran ya fi ji da shi sandarsa ce ta awo. Baƙa ce, ta yi santsi don hannu, da jan ƙarfe a kai da gindi. Ba ya ce mata komai sai "sanda". Da ita yake auna kowane layi, yana faɗa ina rubutawa a takarda: daga nan zuwa nan sanda kaza, daga can zuwa can sanda kaza. Ya binne guntun ƙarfe a tsakiyar kowane gida, ya ce daga shi ake fara awo, huɗu dama, huɗu hagu. Na rubuta da hannuna: faɗin gida, sanda takwas. Na naɗe takardar na sa cikin gafaka tare da littattafaina. Ban taɓa tambayarsa wace irin sanda ce ba. A ganina sanda sanda ce.

Ranar wasa tun hantsi maroƙi ke zaga kasuwa da ganga yana shela. Ni kuwa ina kafa zana ta gefen hanya, in ja igiya kewaye da fili don mutane su tsaya bayanta, in ɗauko kujeru daga lakwal in jera a inuwa saboda wakilin kumandan da wakilin sarki. Tuluna huɗu na ruwa, biyu ga kowace ekip, wato ƙungiyar ƴan wasa, da moɗa ɗaya-ɗaya. Masu goro da rake da dafaffiyar gyaɗa suna da wurinsu ta kudu, masu kalangu ta arewa, tsofaffi a kan tabarmi kusa da zana. Gardin bariki biyu, dogaran kumandan, suna zagawa da tsumagiya, duk wanda ya tsallake igiya ya sha. Ana idar da la'asar ake busa usur, kuma dole a tashi kafin magariba, saboda haka alƙalin wasa, wanda muke ce wa arbit, ya fi duban rana da duban agogo. Ekip ɗinmu ba babba ba ce. Ƴan lakwal ne da teloli da ƴan kamasho. Da ƙauyuka da garuruwan kusa muke wasa, kuma burin kowace shekara ɗaya ne: a ci na kusa duka, a hau kamyo, babbar motar kaya, a je Damagaram a kara da manya.

Mai tsaron gidanmu Haruna ne, ana ce masa Dogo. Aikinsa awon gyaɗa. Da kaka shi ke tsaye a kan sikelin wani babban kanti, manoma daga Kwaya da Waca da ko'ina suna sauke buhuna a gabansa. Layinsa ya fi na kowa tsawo, don an san ba ya taɓa sikeli da ƙafa. Shekara shida yana tsaron gida. Yana da wata al'ada: in ya shiga, sai ya nemi ƙarfen tsakiya da diddige, ya ja alama a ƙasa, shi ke nan ya san inda turakansa suke ba sai ya waiwaya ba. In aka bugo balo ya ga za ta wuce gefe, ba ya wahalar da kansa. Sai ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Waje!" Jama'a duka su amsa, "Waje!" Balo ta wuce, a yi dariya, masu kalangu su kaɗa masa. A shekara shida bai taɓa kuskure ba. Mahaifiyarsa mutuniyar Dungas ce, amma ba wanda ya taɓa tuna wannan.

Kafaran ya rasu da bazarar shekarar ƙuri'ar. Aka bar mini fili, amma wakilin kumandan ya gaya mini a fili cewa akwai wani tsohon soja da ke so, in na yi sakaci za a ba shi. Da damina ta kankama na kulle ɗakin kaya na tafi gonar mahaifina, na yi kusan wata biyu. Da na dawo na taɓa turken gidan gabas sai hannuna ya shige. Gidan yamma na giginya ne, gara ba ta cinsa. Na gabas kuwa katako ne da aka samo a bariki, ta cinye shi daga ciki ta bar fenti a tsaye. Na buɗe ɗakin kaya, sandar Kafaran da na jingine a bango ta zama ƙasa, sai jan ƙarfen nan biyu a ƙasa.

Saura kwana goma sha biyu wasa da ƴan Dungas, wanda ya ci shi ne zai je Damagaram. Na sa aka tsago mini giginya mai tsawo. Kafin a kawo ta turakan sun zube, ruwa da kofaton shanu sun shafe ramukansu, amma ƙarfen tsakiya yana nan. Tsayin turaka na gwada da na yamma. Faɗi kuwa na buɗe takardata, ta ce sanda takwas. Na je lakwal na ce wa mushe ya ara mini sandar awo. Ya ɗauko wata rawaya da yake ja wa yara layi a allo, ya ce, "Ga metir, Malam Isufu, kada ta karye." Na riƙe ta, tsawonta kamar na waccan. Na auna huɗu dama, huɗu hagu, na haƙa, na kafa, aka yanke azara daidai. Da a ce na ɗauki igiya na gwada gidan yamma na kawo nan, da shi ke nan. Amma takarda na hannuna, rubutuna ne, na amince da shi.

Allah ya nuna mini alama ban karanta ba. Ranar wasa da na zo rataya raga a gidan gabas, ta ƙi kaiwa. Na ce damshin damina ne ya sa zaren ya tsuke. Na ƙara igiya ta gefe biyu na ɗaure, na wuce wurin toka.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. Ƴan Dungas sun zo da kamyo biyu da masu gangarsu. Rabin farko Haruna yana gidan yamma, aka tashi kowa ya ci ɗaya. Aka juya, ya koma gabas, rana a fuskarsa. Na gan shi ya nemi ƙarfe da diddige ya ja alamarsa. Ana ta fafatawa har inuwar zana ta kai tsakiyar fili, arbit ya fara duban sama. Sai wani bahago daga cikin ƴan Dungas ya buga daga nesa, balo tana tafe ƙasa-ƙasa, ba ƙarfi, ta nufi gefen arewa. Ko ni da nake da ciwon baya zan iya tare ta. Haruna ya dube ta, ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu.

"Waje!"

Jama'a suka amsa, "Waje!"

Balo ta shafi turke ta ciki, ta kwanta a raga.

Ƴan Dungas ma sai da suka yi jim kafin su yi ihu. Haruna yana tsaye hannuwansa a sama bai sauke ba. Sai Sale mahauci, wanda muryarsa ke kaiwa ƙarshen kasuwa, ya ce daga bayan igiya, "Ya bar wa kawunnansa!" Wani ya ce, "Ashe gidan uwa ya fi gidan balo!" Kafin a busa tashi maganar ta zaga fili. Gardin nan biyu ne suka raka shi gida.

Da a fili abin ya tsaya da sauƙi. Amma kakar gyaɗa ce. Washegari layin sikelinsa ya ragu, bayan mako ba kowa. Manomi ya zo da jakinsa, a raɗa masa, ya juya yana cewa, "Wanda ya buɗe gida da rana tsaka mutane na kallo, ni zai bari a sikeli?" Yara suna binsa a hanya suna ɗaga hannu suna cewa "Waje!" Mai kantin ya sauke shi ya ɗora wani. Bai yi gardama da kowa ba, bai kuma sake taka filin ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma Bande. Ni ma a lokacin ban san komai ba, na zata rana ce ta kashe masa ido.

Bayan kamar wata guda matata ta haihu, na je kasuwa yankan yadin suna wurin wani Bakano mai rumfa. Ya jawo sandarsa zai auna, sai na ga baƙa ce, da jan ƙarfe a kai da gindi.

Na ce, "Alhaji, wannan metir ce?"

Ya yi dariya ya ce, "Metir ta mutanen barikinku ce, Malam. Mu da yadi muka gada. Taku ta fi tamu da yatsa huɗu da ɗan wani abu. Shi ya sa in ɗan bariki ya zo sai mun yi rigima."

Na ce ya ara mini ita zuwa la'asar. Ba wasan da aka yi tun ranar, fili ba kowa. Na auna gidan yamma, takwas cif. Na auna na gabas, takwas ta ƙare, ga saura. Na sa hannu na gwada sauran, taƙi uku. Taƙi ɗaya da rabi a kowane gefe. Faɗin balo taƙi ɗaya ne. Kafaran da sandar ƴan yadi yake awo duk shekarun nan, wasan ma ashe da yadi aka tsara shi tun asali, ni kuwa na ba gida metir takwas.

Kashegari bayan asuba na tono turaka na matso da su, na yanke azara, na cike ramuka na daddaɓe. Guntun da na yanke na kai ɗakin kaya na sa bayan buhuna. Na buɗe takardata, kusa da "sanda" na ƙara kalma ɗaya, "yadi". Na gyara gida, na gyara takarda, sunan Haruna na bar shi yadda yake. Ba zan ƙawata dalili ba. Na ga abin da aka yi masa, na san akwai mai jiran aikina, ga jariri a ɗaki. Na yi shiru. Damina ta zo ta wuce, wata kaka ta zo ta wuce, ina salla a sahun gaba, ina shiru.

Da ranin da aka fara cewa Turawa sun kusa tafiya, ragarmu ta ruɓe, na hau jaki na je kasuwar Bande neman igiyar rama. Na tsaya gaban wani mai igiya yana sunkuye yana tufka. Ya ɗago, sai ga Haruna. Idanunsa sun yi ja, gefensu duk baƙin magani.

Ya ce, "A'a, Malam Isufu! Lale, lale. Zauna. Yaya fili? Ƙarangiya ta bar ka?"

Na ce, "Tana nan, Dogo. Me ya sami idonka?"

Ya ce, "Ai shi nake ta fama. Tun ranar nan. Ka san ni ba abin da na karɓa a hannun kowa, Allah shi ne shaida. Ido ne ya ci amanata. Na gan ta waje ƙuru-ƙuru, ashe ciki take. Wanda idonsa ke yi masa ƙarya kuwa bai kamata ya tsaya kan sikelin mutane ba, gara da aka sauke ni. Na je wurin masu magani uku, wannan na yanzu yana da zafi, amma an ce shi ne mai kyau."

Ya zaɓo mini igiya mafi kyau, ya ɗaure mini a jaki da hannunsa. Na dawo Magarya ban ce komai ba. A hanya na tuna karatun da malaminmu ya yi mana a kan masu tauye awo, da abin da aka tanadar musu. Ni ban tauye ba, ƙari na yi, amma mutum yana can yana ƙona idonsa lafiyayye saboda awona.

Kasuwa ta zagayo na koma, da guntun azara a cikin buhu. Na ce ya taso mu koma bayan rumfuna. Na ajiye guntun a gabansa, na faɗa masa duka, daga gara har Bakano mai yadi, har safiyar da na matso da turaka. Bai katse ni ba. Mai awo ne, ba sai an maimaita masa ba. Ya ɗauki guntun ya bi shi da hannu, taƙi, taƙi, taƙi. Ya raba biyu da yatsa. Ya daɗe yana duban wurin.

Ya ce, "Ashe waje ce."

Na ce, "Waje ce, Dogo."

Ya ce, "Yaushe ka sani?"

Na ce, "Wata guda bayan wasan."

Ya lissafa watannin da yatsunsa, ya ajiye hannu. Na ce, "Na zo neman yafiya. Abin da ka ce in yi, zan yi."

Ya ce, "Kuskuren sanda ba komai ba ne, Malam, kowa na iya yi. Shirun ne mai nauyi. Yafiya tana nan, ban hana ka ba. Amma ba a bayan rumfa aka zubar mini da mutunci ba. Inda aka zubar, can za a kwashe."

Wasa na gaba da ƴan Waca ne. Na yi shara, na zuba toka, na jera kujeru kamar kullum. Na aro metir a lakwal, na aro yadi wurin Bakano. Da aka idar da la'asar, ekip biyu sun jeru, na roƙi arbit ya dakata. Na shiga tsakiyar fili da sanduna biyu da guntun azara, na kira maroƙi na ce duk abin da na faɗa ya ɗaga shi yadda na faɗa, kada ya ƙara kada ya rage. Haruna yana bakin igiya cikin farar riga, mutane sun ja baya sun bar shi shi kaɗai.

Na jera sandunan a ƙasa kai da kai, kowa ya ga ɗaya ta fi. Maroƙi yana ɗagawa: "Malam Isufu ya ce, ranar Dungas gidan gabas ya fi ƙa'ida da taƙi uku! Ya ce shi ya auna, da hannunsa! Ya ce ya gane tun bara waccan ya ɓoye! Ya ce Haruna Dogo bai sayar da kowa ba, idonsa gaskiya ya gaya masa!"

Fili ya ɗauki guna-guni. Wani ya jefo ɓawon rake ya same ni a kafaɗa. Wani ya ce, "Kai ka hana mu Damagaram, tsohon munafuki!" ko da yake a lokacin ban tsufa ba. Wakilin kumandan ya aiko gardi ya karɓi mabuɗin ɗakin kaya daga hannuna nan take. Wata huɗu mabuɗin ya yi a hannun wani, sai da ƙarangiya ta kori ƴan wasa aka aiko a kira ni. Amma wannan daga baya ne.

Sale mahauci ne ya tsallake igiya, gardi bai taɓa shi ba. Ya cire hula ya tsaya gaban Haruna. Ya ce, "Dogo, shi sanda ta ruɗe shi. Ni fa, me ya ruɗe ni?"

Haruna ya ce, "Bakinka, Sale. Tun muna yara shi ke ruɗinka." Wasu suka yi dariya kaɗan, Sale ya sunkuyar da kai.

Daga nan Haruna ya ɗaga igiya ya shigo, ya cire takalmi, ya taka har gidan gabas. Ya nemi ƙarfe da diddige ya ja alama. Ya ce in kawo balo in ajiye inda ta bi ranar. Na san wurin, don ni na cike ramin. Na auna taƙi ɗaya da rabi daga turken arewa, na ajiye ta daga ciki da inda tsohon turke yake. Ta zauna a wajen gida, tsakaninta da turke akwai hasken ƙasa. Haruna bai waiwaya ya dubi turke ba. Balo kawai ya duba, da jajayen idanun nan. Ya ɗaga hannu biyu, bai ɗaga murya ba.

"Waje."

Tsofaffin kan tabarma ne suka fara amsawa, sannan fili duka, har ƴan Waca da ba su san mafarin zancen ba.

Ya sauke hannu ya zo inda nake durƙushe. Ya kama ni ya tayar, ya riƙe hannuna a cikin nasa, ya ce yadda na kusa za su ji, "Malam Isufu, na yafe maka, duniya da lahira. Kada ka sake tayar da shi, ko a gabana ko a gaban Allah."

Na ce, "Allah ya saka maka da alheri, Dogo."

Ya ce, "Amin. Kwashe sandunanka ka ba mutane wuri, rana na tafiya."